Ƙasan Rumbu

Wata shekara a ƙuruciyata ruwa ya yi kyau a ƙasar Kurfai. Kafin watan Satumba ya ƙare gero ya nuna, an fara yanka, dammuna na jibge a bakin gonaki suna jiran amalanke. Gwaggona, yayar mahaifina, wadda ke riƙe da gidanta a wani ƙauye kusa da Filinge tun rasuwar mijinta, ta ce a ɗage jinkar tsohon rumbu a share shi kafin sabon hatsi ya shigo. Ni ne saurayin gidan a lokacin, ni aka tura ciki.

Sama-sama babu komai, an cinye tun cikin damina. Amma can ƙasa akwai dami 9 na shekarun baya da ta hana a taɓa. Na ɗaga na farko lafiya lau, sai ƙura. Da na isa ɓangaren gabas, inda hadari ke bugowa, sai hannuna ya nutse cikin wani abu mai laushi da ɗumi. Jinka ta yi yoyo ba wanda ya lura. Dami 4 sun yi baƙi sun manne da juna, gara ta hau ta ƙasa ta yi gini, ɓera ya haihu a tsakiya. Na miƙo mata zangarniya ɗaya. Ta murza a tafin hannu, ta hura, ta kai hanci.

"Wannan ya tashi daga abincin mutum," in ji ta.

Ta daɗe a tsugune ba ta ce komai ba. A gidan da muke zana ɗaya da su akwai wata mata mai ƴaƴa 5, mijinta ya tafi Kurmi bai aiko ba. Watan Agusta gaba ɗaya tafasa suka ci da ɗan barbaɗen dusa.

Na ce, "Gwaggo, ai ba ki san ruwa ya shiga ba."

Ta ce, "Ɗana, ruwa ne ban sani ba. Yunwarsu na sani."

Duk abin da zan faɗa a wannan rubutu daga tsugunon nan ya fito. Abincin da gida ba zai ci ba yana da lokacin da ya kamata ya fita, kuma lokacin yana wucewa. Mu kuwa mun saba sharar rumbu da kaka, ranar da kowa ya ƙoshi, ranar da abin da ya rage ko dai ya lalace ko kuma ba mai bukatarsa.

Kada a ɗauka rowa ce ta sa Gwaggo ta danne dami 9. Wanda ya san abin da yammacin Nijar ya gani ba zai yi mata wannan zargi ba. A ƙasar nan shekarun yunwa suna da sunaye kamar ƴaƴa. Ta 1913 zuwa 1914 Hausawa sun kira ta Kakalaba, maƙwabtanmu Zabarmawa suka ce Gande Beri. Ta 1931 ita ce shekarar fara, wadda ta watsa garuruwa a yammacin ƙasar, ga kuma haraji da aikin tilas na Faransawa a kan mutanen da ba su da abin kaiwa baki. An yi shekarar garin rogo a wajajen 1950 da ɗoriya, an yi Banda Bari a tsakiyar shekarun 1960, sunan da ke nufin juya baya, wato mutum ya ba ɗan'uwansa baya ya ci ɗan abin da ya samu. Malamin tarihi na jami'ar Yamai, Boureima Alpha Gado, ya bi diddigin waɗannan sunaye a littafinsa na 1993 kan tarihin yunwa a Sahel. Gwaggo ba ta karanta shi ba. Labarin shekarar fara daga bakin mahaifiyarta ta ji, ta 1973 da ta 1984 kuwa da idonta ta gani. Ta jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita. Ta ga mata na tonon gidan tururuwa suna neman tsabar da ƙwari suka tara. Mutumin da ya taɓa cin irin shukarsa don ya kai gobe, in ya ga dami a ƙasan rumbu, barcinsa yake gani.

Tsoron nan ya shiga har cikin mulkin ƙasa. Bayan yunwar 1931 Turawa suka matsa a kan rumbunan tanadi na dole, kowane gari ya tara hatsi a ƙarƙashin idon hukuma, talakawa kuma suka tsane su don ba su ke da ikon buɗewa ba. Seyni Kountché, ɗan Fandu da ke nan yankin Filinge, a shekarar farar nan ta 1931 aka haife shi. Da ya kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, babban abin da sojoji suka riƙe hujja shi ne hatsin agaji da aka jibge ko aka karkatar alhali mutane na mutuwa a ƙauyuka. Hatsin da ya kwana a mangaza lokacin da ake nemansa ya taɓa cin gwamnati sukutum a ƙasar nan.

To, mu koma cikin rumbun, don kowane abinci da irin tsufansa.

Gero a zangarniyarsa shi ne mai dogon rai. In ya bushe sosai kafin a ɗaure, rumbu na bisa duwatsu ko itatuwa, iska na ratsa zana, jinka ba ta yoyo, yana iya shekaru yana nan garau. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Ita ce shawarar da Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba mutanen Masar game da shekaru 7 na wadata. Da zarar an sussuke an shiƙe an ɗura a buhu, kwanansa ya ragu, ƙwari sun samu hanya. In aka kai shi gari kuwa, kwanaki kaɗan ne. Gero na da maiƙo a ƙwayarsa, shi ya sa garinsa ke saurin canza wari ya ɗauki ɗaci. Dakan da matan ƙauye ke yi kullum, ban da al'ada, akwai wannan dalili a ciki.

Wake ya fi kowa rauni. Ƙwaronsa tun daga gona yake biyo shi. Uwar na saka ƙwai a jikin kwanso, tsutsa ta huda ta shige cikin ƙwaya, ta ci ta girma a ciki, cikin kamar wata guda ta fito da fikafikai ta saka nata ƙwan. Buhun da aka ɗinke da kaka ana ganinsa tsaf, kafin azumi ya zagayo ko bazara ta shigo sai a tarar da shi duk huji, yana zubar da gari. Tsofaffi kan cuɗa shi da toka ko rairayi mai laushi a cikin tulu su liƙe baki da laka. Yanzu ga buhun PICS, leda 2 masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure bakinsa daban. Masana na jami'ar Purdue ta Amurka da na cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, musamman reshenta na Maraɗi, suka yaɗa shi a ƙauyuka tun daga 2007. Ba a sa masa magani ko kaɗan: ƙwarin ne ke shaƙe ƴar iskar da ta rage su mutu. Sharaɗinsa wake ya bushe, leda kuma kada ta samu ko hujin allura. Ni a ganina, cikin duk abin da aka kawo wa manomin ƙasar nan daga waje, kaɗan ne suka kai wannan buhu amfani.

Abin da ya sa sharar rumbu ta zama dole kenan. Guntun tsohon hatsi da ya maƙale a kusurwa gidan ƙwari ne; a zuba sabo a kansa, an ba su sabuwar gona. Ana kwashe komai har ƙasa, a kakkaɓe zana, a fitar da sharar nesa da rumbu a ƙone. A duba ƙafafu ko gara ta kama, a sauya wanda ya ci, a zuba toka a gindi. Mai rumbun laka ya bi tsaga ya liƙe. Jinka kuwa, tun kafin ruwan farko ya kamata a hau a dube ta, darasin da muka biya da dami 4. Kuma tsohon da ya rage lafiya ba ya komawa ƙasa. Sama ake ɗora shi ko a ware shi gefe, shi ne za a fara ci. Abu guda ne ba ya shiga wannan lissafi: iri. Zangarniyun da aka zaɓa tun a gona, dogaye cikakku, ana rataye su daban, kuma ko kyauta ba a yi da su sai an ga shuka ta tsaya.

Wanda ke son ganin ƙasan rumbunan yankin nan gaba ɗaya a fili, ya je kasuwar Baleyara ranar Lahadi a makonnin da ke gaban kaka. Garin na kan hanyar Yamai zuwa Filinge, kusan kilomita 100 daga babban birni, a cikin kwarin Dallol Boso, inda Zabarmawa da Buzaye da Fulani da Hausawa ke haɗuwa. An fi saninta da dabbobi, kuma da gaskiya, don motocin Yamai tun asuba suke lodin raguna da shanu. Amma layin ƴan hatsi a wannan lokaci yana da nasa labari. Duk wanda ya ɓoye buhu yana jiran tsada ya san sabon gero na hanya, tiya za ta faɗi, sai ka ga tsohon kaya na fitowa ta ko'ina. Tsohon gero mai lafiya ba aibi gare shi ba. Damuwar ita ce wanda aka zuba tsoho a ƙasa aka lulluɓe da sabo a baki. Matan da suka san aiki ba sa yarda da abin da ke saman buhu. Sai ta tura hannu har gwiwa, ta damƙo daga ciki, ta duba ko gari ya manne mata a fata, ta shinshina, ta ciji ƙwaya ɗaya ta ji ko ta yi ƙaras. In wake ne, sai ta ƙara shinshinawa, don wari biyu take nema: na ƙwari da na magani.

Na maganin ya fi ban tsoro. Akwai ƙwayar fostoksin da ake jefawa cikin buhu, tana fitar da iskar guba. Iskar nan tana kashe mutum in ya kwana ɗaki ɗaya da buhun, kuma gidaje nawa ne ɗakin kwana shi ne ɗakin ajiya? Akwai masu yayyafa wa wake maganin feshi na ruwa wanda ba don abinci aka yi shi ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a cikinsa. Su suna da na'urar aunawa a bakin tashar jirgi. Mai sayen tiya 2 a Baleyara hancinta kawai gare ta.

A nan nake so in tsaya, don akwai abin da muke yi da sunan alheri alhali cuta ce. Mukan ce da babu gara ba daɗi, sai mu tattara abin da muka ƙi mu miƙa wa wanda ba zai iya cewa a'a ba. Ƙoƙon almajiri ya zama juji. Akwai abincin da bai halatta ya je hannun kowa ba, kuma ya kamata a san shi.

Na farko shi ne wanda ya yi fumfuna, musamman masara da gyaɗa. Wani nau'in fumfuna na barin guba mai suna aflatoksin, wadda dafuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. Kaɗan-kaɗan tana cin hanta har ta kai ga sankara, da yawa kuma tana kisa nan take. A gabashin Kenya a 2004, masarar da aka ajiye da danshi ta kwantar da mutane 317, 125 suka rasu. Gero bai kai masara da gyaɗa saurin kamuwa ba, amma wanda ya yi baƙi ya dunƙule kamar na Gwaggo ya gama aiki. Ba a kuma ba saniyar tatsa irin wannan, don gubar na bi ta cikin nono ta koma bakin yaro. A ƙone shi ko a binne. Na biyu shi ne ragowar irin shuka da aka cuɗa da magani, wanda yawanci ake rina shi ja don a gane. Wanki ba ya mayar da shi abinci, ko ga kaji. Na uku gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa har ya fara tsiyaya. Ba a ɗanɗana shi don a gwada.

Wanda ƙwari suka taɓa sama-sama kuwa, a shanya shi a rana mai zafi, a tankaɗe, a sheƙe, ya ciwu. Wanda suka ci fiye da rabi, na kaji ne da tumaki, kuma makiyaya na sayensa da saninsu a farashinsa.

Gidajen ma'aikata da ƴan kasuwa, a Baleyara ko Filinge ko Yamai, ba su da rumbu, amma suna da ƙasan rumbu. Ka shiga ɗakin ajiya wata 2 bayan ƙaramar salla: rabin kwalin taliya, dabinon buɗa-baki da ya bushe, madarar gari da aka fasa aka manta, bidon mai a bayan ƙofa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne saƙon ƙauye. Tsohuwa ta tara wa ɗanta tsabar gero, ta ƙulla kuka da gabu da busasshiyar kuɓewa da daddawa, ta ba direba. An karɓa da godiya, an ajiye. Yaran gidan shinkafa da taliya suka sani, ba mai tambayar tuwo. Jefarwa ta yi nauyi don daga hannun uwa ya fito, bayarwa ma ta yi nauyi, sai a bar shi har ƙwari su yanke hukunci. Alhali mai gadin layin, ko matar da ke zuwa wanki, tuwon geron nan shi suke marmari.

Kayan kanti suna da ranarsu a rubuce, kuma rubutun iri 2 ne. Wanda ya ce "à consommer jusqu'au" iyaka ce ta gaske, ana sa shi a kan abin da ke saurin ruɓewa, ba a ƙetare shi. Wanda ya ce "de préférence avant" yana nufin bayan ranar daɗi da ƙamshi na iya raguwa, amma taliya ko shinkafa ko sukari da ke bushe a rufe ba sa zama guba don rana ta wuce. Sai dai a tuna da zafinmu. Ɗakin kwano a watan Afrilu, ana fama da digiri 40 da ɗoriya a inuwa, yana tsufar da mai da madara tun kafin ranar da aka buga. A Faransa sai da aka kafa doka a 2016 da ta hana manyan kantuna lalata abincin da bai sayu ba, ta tilasta musu ba ƙungiyoyin agaji. Mu kuwa, masu karɓa suna bakin ƙofarmu, mun san sunayensu da na ƴaƴansu.

Kuma sun ƙaru. A 2021 ƴan bindiga sun kashe mutane da dama a yankin Banibangu, arewa maso yamma da mu, suka ƙone rumbuna, suka kora dabbobi. Manoman da ba su taɓa roƙo ba suka baro gonakinsu suka sauka a garuruwan da ke da ɗan kwanciyar hankali. Mutumin da aka ƙone wa rumbu yana kallo, a miƙa masa wake mai huji, an ƙara masa wani ciwon. Aya ta 267 a suratul Baƙara ta hana mutum ya zaɓi mummunan abin da shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido, ya ce shi zai bayar. Ma'aunin a sauƙaƙe yake: in aka dafa shi a gidan da ka kai, aka ce bismilla, za ka sa hannu?

Saura maganar lokaci, wadda ita ce ta fi ƙona Gwaggo. Ko gwamnati ta san hatsi ba ya zama wuri ɗaya har abada. OPVN, ofishin cimaka na ƙasa da aka kafa a 1970, yana saye da kaka, ya fitar cikin watannin wahala a farashi mai rahusa, ya sake cika mangazunsa da sabo. Bankunan cimaka na ƙauyuka ma haka tsarinsu yake in suna tafiya daidai. Gida ne kawai muka bari ba shi da ranar fitarwa. A ƙasar Kurfai wahala tana farawa ne daga shuka, ta tsananta a marka, lokacin da ake noma da ciki wayam, ta lafa in shibra ta nuna aka fara gasa tumu. Tiyar da ta fita a watan Yuli tana iya hana magidanci barin gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani. Ita dai wannan tiya a watan Oktoba ko godiya sosai ba ta jawowa. Don haka ni ina ganin leƙa rumbu sau 2 ya kamata a yi. Na kaka na tsabta ne. Na farkon damina na lissafi ne: in shuka ta tsaya, a sauka har ƙasa, a ware abin da zai kai gida ga sabon hatsi, a ƙara ɗan abin ko-ta-kwana don ruwa na iya ɗaukewa, abin da ya haura ya fita yana da lafiyarsa. Mai bukatar kuɗi ya sayar, ba laifi. Mai iya ba da rance ya bayar a biya da kaka, dami da dami, ba ƙari.

Da damina ta zagayo bayan asarar dami 4 ɗin nan, ana cikin noman farko, Gwaggo ta sa aka ɗage jinka. Ta tsaya a ƙasa ina ƙirga mata daga ciki, tana lanƙwasa yatsu. Ta ware na gida, ta ƙara 3 a kai. Dami 2 suka haura. Mijin maƙwabciyarmu har lokacin bai dawo ba. Bayan sallar lisha, da gari ya yi shiru, ta ce in ɗauka in zagaya ta baya, ta kuma faɗa mini abin da zan ce.

Na yi sallama a bakin zana, matar ta fito da fitila.

Na ce, "Inna, Gwaggo ta ce don Allah a ajiye mata waɗannan a nan. Rumbunmu na yoyo."

Ta dubi dammunan, ta dube ni, ta rage hasken fitilar.

"Ka ce wa Yaya an ajiye," in ji ta.

Da asuba, kafin in fita gona, na ji taɓarya na sauka a turmi ta bayan zana.